Asibitin haƙori a cikin ajin makaranta, a tsaunukan Guwatamala

Assalamu alaikum jama'a. Ina magana da ku daga wani ƙauye a tsaunukan yammacin Guwatamala, kusa da Ketsaltenango, garin da 'yan ƙasar ke kira Shela. Ajin makarantar da kuke gani shi ne asibitinmu na haƙori a wannan makon.

Bari mu fara daga bakin ƙofa. Kowa sai an auna masa hawan jini kafin ya zauna. Idan ya kai 180 bisa 110, ba a cire masa haƙori ranar, sai a tura shi wajen likita. Kusa da mai awon akwai tafinta, domin tsofaffi da yawa a nan yaren Kiche ko Mam suke ji, Sifaniyancinsu kaɗan ne. In ba tafinta, ba za ka san wanda ke shan maganin tsinka jini ba sai jini ya ƙi tsayawa.

Yanzu ku duba tukunyar nan mai murfin kulle. A ganina ita ce abu mafi muhimmanci a ɗakin. Da ita ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin ƙarafan aiki. A fara goge su da buroshi da sabulu, domin tururi ba ya ratsa busasshen jini. Sai a jera su a kan raga, kada su taɓa ruwan ƙasan tukunya. A bar tururi ya kori iskar ciki kafin a ɗora nauyin murfin, kuma ba a fara ƙirga lokaci sai matsin ya cika. Ana neman zafi digiri 121. To amma nan muna sama da mita 2,300, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92, don haka tukunyar ba ta kai 121 ko ta yi ta huci. Dole a ƙara lokaci, a kuma sa takardar gwaji mai canza launi cikin kowane zubi. Masu zuwa daga wuraren da ba kan tsauni ba sukan manta da wannan, kuma illar ba ta bayyana sai bayan sun tafi.

Allurar kashe zafi lidokain ce, kashi 2 cikin ɗari. Kowace 'yar kwalba mililita 1.8, wato miligiram 36. Ga yara muna bin miligiram 4.4 a kowane kilo, saboda haka yaro mai kilo 20 ba ya wuce kwalba biyu. Yaran nan da yawa jikinsu bai kai shekarunsu ba, shi ya sa sai an ɗora su a sikeli, ba a kintace da ido.

Ba kowane haƙori mai kogo ake cirewa ba. Idan ruɓar ba ta kai jijiya ba, a kankare ta da ɗan cokalin ƙarfe, a tsane wurin da auduga, a cika da simintin haƙori mai sakin fuloraid, a danna da yatsa mai bazilin, a hana cin abinci na awa ɗaya. Ba injin, ba wuta. A Tanzaniya aka fara wannan hanya a shekarun 1980. Yawu ne ke ɓata ta: ya taɓa simintin kafin ya kama, cikon zai faɗi. Ga ƙananan yara akwai ruwan azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa, sai dai yana baƙanta wurin har abada, don haka a nuna wa uwa hoto ta amince tukuna.

Wanda aka cire wa haƙori ya ciji auduga minti 30, kada ya kuskure baki ranar. In gudan jinin da ya toshe ramin haƙorin ya fita, ciwo mai tsanani yakan taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, lokacin tawagarmu ta kama hanya. Saboda haka turame masu wuya a farkon mako muke cire su, kuma sunan kowa yana hannun ma'aikaciyar jinyar ƙauyen, tare da magani da lambar wayar da za ta kira. Ku biyo ni in nuna muku teburin magunguna.