Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya Ta Jihar Kebbi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka shi daɗe mai girma shugaba, mai girma hakimi uban ƙasa, limamanmu, malamai, iyayenmu mata da ke can gindin dogon yaro, da yaranmu. A madadin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da wagga makaranta, ina yi maka lale marhabin, sannu da hanya, mun san daga Birnin Kebbi zuwa nan mota ta sha wuya.

Ranka shi daɗe tun 2004 doka ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole, 6 a firamare 3 a ƙaramar sakandare. To amma doka ba ta zuwa fadama ta kamo yaro lokacin yankan shinkafa, mu ke zuwa. Da can in kwano ya yaye sai mu ce ai makarantar gwamnati ce, mu wuce abinmu. Yanzu ko kwamitinga akwai hedimasta, wakilin mai gari, liman, mata, tsoffin ɗalibai, masu sana'a har da hedboi da hedgel, kuma ba kamar PTA ba, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ko baka da ɗa a makarantar kana da baki.

Bari in baka labari guda. Bara munka tara ɗan kuɗi bayan kaka, wasu da buhun shinkafa ma sunka bada, sai gardama ta tashi wurin mitin, mu maza duk mun tsaya a kan a yi fenti a gyara get don baƙo ya gani ya yaba, ni kaina ina cikinsu wallahi ban ɓoye ba. Sai yarinyar nan hedgel da tun da anka fara zama bata ce uffan ba ta ɗaga hannu, muryarta na rawa, ta ce ƴan mata manya suna komawa gida ne in an fita tara saboda babu ban ɗaki nasu, kuma in sun tafi basu dawowa. Wuri ya yi tsit. Mu da ke kwana gari ɗaya da su bamu sani ba! Iyaye mata sunka ce ai sun daɗe da sani, ba a tambaye su ba ne. Anka ɗaga hannu anka ƙirga, ban ɗaki ya ci, fenti na nan yana jira.

Wasu na cewa wannan tsarin baƙo ne. Ni ban yarda ba, ƙasar Malam Abdullahin Gwandu muke, kuma Nana Asma'u da jajoji, wato malamai mata da ta horar, da ɗalibansu ƴan taru ta kai karatu ƙauyuka, mata na koyar da mata.

Roƙonmu biyu ne. In za a turo aiki a fara zama da kwamiti kafin ɗan kwangila ya sauke bulo, mu munka san ajin da ruwa ke ci. Sannan a taimaka mana da malama mace ko guda, iyaye sun fi sakin ƴan matansu in akwai ta.

Littafin asusunmu na nan kan tebur, kowace naira an rubuta, ka duba. In ka sha fura hedgel zata zagaya da kai ka ga ban ɗakin, ita ke riƙe da makulli.

Allah shi maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.