Kafin a kai yaro Lamingo: yadda ake tsara kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara a unguwannin Jos

[Hoto: ɗalibai na fitowa daga makaranta a Anguwan Rogo]

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan soma ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ke nan tsarin da ya ce sai likitan asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo ya ga kowane yaro, tun a takarda ya mutu. Yawancin aikin a ƙaramin asibitin mazaɓa zai zauna.

[Hoto: rajistar asibiti a buɗe]

Ana farawa ne da sanin inda yaran suke, kuma rajistar asibiti ba za ta gaya muku ba. Yarinya mai ciwon damuwa ba ta zuwa ta ce tana da damuwa. Ciwon kai take kawowa, ko ciwon ciki, ko rashin barci, a rubuta mata maganin zazzaɓin cizon sauro ta tafi. Sai ku nufi makarantu ku duba rajistar kiran suna, ku ware duk ɗalibin da ya yi mako biyu bai zo ba. Ku zauna da malaman Islamiyya da fastoci da masu kemis, domin su ake fara kai wa kuka. Akwai takardar tantancewa mai suna SDQ, tambayoyi 25 ce, iyaye ko malami na iya cikewa. Amma kada a raba ta a aji alhali ba a tanadi inda za a kai wanda aka gano ba. An ɗaga wa iyaye hankali ke nan a banza.

Akwai abin da taswira ba ta nunawa a Jos. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, har yau akwai uwar da ba za ta tsallaka wata unguwa da ɗanta ba, ko da asibitin can ya fi kusa. A tambayi iyaye inda hankalinsu ya kwanta, a ɗora tsarin a kan amsarsu. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa kuma, alamarsa takan zama mugun mafarki, fitsarin kwance bayan ya daina, da firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Duka ba ya gyara wannan, ƙara shi yake yi.

[Hoto: ma'aikaciyar lafiya da uwa da ɗanta]

Sai horo. Hukumar Lafiya ta Duniya na da jagora mai suna mhGAP, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. A horar da mutum biyu a kowane asibiti, don in aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada komai ya tsaya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan horon: an raba takardar shaida, an ɗauki hoto, shi ke nan. In babu ƙwararren da zai riƙa leƙowa ko bugo waya duk wata a duba katunan yara tare, ma'aikaci zai koma yadda ya saba.

A ɗakin duba yaro, a samu ƙofa mai rufuwa. Matashi a ba shi 'yan mintuna shi kaɗai, domin akwai maganar da ba zai yi a gaban mahaifinsa ba. A fara duba jiki: zazzaɓi, ƙarancin jini, yunwa, ji da gani. Yaro da yawa da ake kira daƙiƙi, allo ne ba ya gani. In baƙin ciki da janye jiki sun kai mako biyu, a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwari da magunguna da ke gida, a tura shi ranar, sannan a riƙa tuntuɓarsa aƙalla duk mako har wata biyu. Ƙwaya ba ita ce matakin farko ga yara ba; ɗan ƙasa da shekara 12 ba a ba shi maganin ciwon damuwa.

Farfaɗiya ita ce ƙofar da ke jawo amincewar unguwa, domin iyaye na ganin sauƙi da idonsu. In ta tashi, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Sai dai maganinta ba ya son yankewa: in fenobabital ya ƙare aka tsaya kwatsam, ciwon na iya dawowa fiye da da, iyaye su ce maganin asibiti ƙarya ne. A ajiye na wata uku, a nemi sabo tun saura na wata guda.

[Hoto: malami da fasto a taron unguwa]

Masu ruƙiya da masu addu'a ba abokan gaba ba ne, kuma ba wanda zai hana iyaye zuwa wurinsu. A yi yarjejeniya da su: addu'a ta ci gaba, amma ba mari, ba bulala, ba hana abinci, ba a tsayar da magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta azabtar da mara lafiya. Haka ɗan shaye-shaye: an hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho na nan, kuma korar yaro daga makaranta miƙa shi ne ga dila.

Takardar turawa JUTH ta ɗauki ranar ganin likita da lambar wanda za a nema, likita kuma ya maido da amsa a rubuce: me aka gano, wane magani, yaushe za a dawo. Bayan mako guda a buga wa iyaye waya a ji ko sun je. Sau da yawa kuɗin keke ne ya hana su, don haka kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa kuɗin mota da katin waya cikin tsarin kashe kuɗin asibitin. Duk ƙarshen wata kwamitin ya nemi alƙaluma huɗu: yara nawa aka gani, nawa suka dawo karo na biyu, nawa suka isa Lamingo cikin waɗanda aka tura, nawa kuma suka koma aji.