Darasi: Haɗa sarewar Ayilan da fayif ɗin roba

Assalamu alaikum masu kallo. Yau sarewar ƙasar Ayilan za mu haɗa, wadda ake riƙewa a gicciye, mai ramukan yatsa shida, sautinta na ƙasa shi ne wanda ake kira D a ma'aunin kiɗa. Ta asali da katako ake yinta, cikinta na tsukewa zuwa ƙasa. Mu fayif ɗin ruwa na PVC za mu ɗauka, mai inci 3/4, faɗin cikinsa wajen milimita 20.

Ku tanadi zarto, injin huda, ƙaramin magagari, samfefa, da manhajar gwada sauti a waya. Toshiya kuwa, wato abin toshe kan fayif, ku yanko ta daga tsohon silifas, ta shiga tsam.

A yanke fayif santimita 60. Daga kai a auna santimita 6, a huda ramin baki mai faɗin milimita 9 zuwa 10. Kun ga gefen nan da iska ke dukansa? Ku bar shi da kaifi. In kuka goge shi ya dakushe, sai huci kawai za ku ji. A tura toshiya har ta tsaya milimita 20 daga tsakiyar ramin.

Yanzu ku busa, kafin a huda ramukan yatsa. Sautin zai zo ƙasa da D. Ku riƙa rage gindin kaɗan-kaɗan, milimita biyu-biyu, har allurar manhajar ta zauna kan D. Yawanci a kan tsaya wajen santimita 52 da rabi daga tsakiyar ramin baki. Kuma a ɗan jima ana busawa tukuna, domin fayif in ya ɗumama sautinsa na hawa.

Sai ramukan yatsa. Daga gindi za a auna: santimita 9.5, 14, 16.5, 22, 26, 30. Wannan awon mafari ne kawai, kunne da manhaja ne alƙalai. Ku fara da na ƙasa, da milimita 6, ku busa, ku faɗaɗa da magagari har ya kai sautinsa a manhaja, sannan ku hau na gaba. Faɗaɗa rami na ɗaga sauti, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa, don haka a bi sannu. Na biyu daga ƙasa shi zai fi kowanne girma, har milimita 11, kada ya ba ku tsoro.

Don Allah kada a huda da ƙusa mai zafi. Hayaƙin PVC guba ne ga huhu, ga shi bakin ramin na kumbura.

Matsalar da kusan kowa ke cin karo da ita: in an matsa iska don hawa sautin sama, sai ya zo ƙasa da yadda ya kamata. Dalili, cikin fayif miƙaƙƙe ne, bai tsuke kamar na katako ba. Ku matso da toshiya kusa da ramin baki milimita ɗaya ko biyu, ku sake gwadawa. In kuma D na ƙasa ya ƙi fita, ku duba yatsa ko toshiya, wani wuri na zubar da iska.