Tambarin Gidan Murphy da Aka Sayar wa Abokina a Dublin

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin kogin Liffey nake tsaye, tsakiyar Dublin. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa muku dalili.

Akwai wani abokin aikina, Ba'amurke, mutumin kirki, sunan gidansu Murphy. Kakan kakansa ne ya bar ƙasar nan ta Ayilan lokacin babbar yunwa, wadda ta fara a 1845 da cuta ta kama dankalin da talakawa suka dogara da shi. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka hau jirgin ruwa suka bar ƙasar. Bawan Allahn nan, tun da aka turo shi aiki nan ba shi da zance sai na asalinsa. To shekaranjiya ya shigo ofis yana washe baki, rungume da wani allo cikin gilashi: garkuwa ce mai ja da fari, zakuna huɗu, damin alkama uku a tsakiya, hular yaƙi a sama. Wai tambarin gidansu ne. Yuro 60 ya biya a wani shagon tsaraba.

Na ce masa, me mai shagon ya tambaye ka? Ya ce sunansa kawai. Ba garinsu, ba sunan kaka, ba komai. Ya danna kwamfuta, inji ya tofo takarda, aka sa a gilashi. Jama'a, Murphy fa shi ne sunan da ya fi kowane suna yawa a ƙasar nan! Duk motar haya da ka shiga da wuya ka rasa ɗaya. Ina za a ce duk gida ɗaya suka fito?

Abin da ya ƙara ƙona min rai, ofishin gaskiya yana nan cikin garin, da ƙafa ma za ka je. A titin Kildare, ƙarƙashin Ɗakin Karatu na Ƙasa, akwai ofishin da ke ba da irin wannan tambari. Asalinsa tun 1552 ne, zamanin Sarki Edward na shida na Ingila, sai a 1943 gwamnatin Ayilan ta karɓe shi, Edward MacLysaght ya zama shugabansa na farko. A ƙa'idarsu, tambari na mutum ɗaya ne da zuriyarsa, ba na duk mai ɗauke da sunan ba. In kana so sai ka nema, a duba alaƙarka da ƙasar, ka biya dubban Yuro, a zana maka naka da hannu a kan fata. Shugaba Kennedy ma a 1961 aka ba shi nasa, sabo fil, ba wanda aka ciro daga kanta ba.

Ni Bagobiri ne, shi ya sa abin ya taɓa ni. Kakana, Allah Ya jiƙansa, zanensa shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ko a kasuwar Sabon Birni ko a Tsibiri ya tsaya, ba sai ya buɗe baki ba. Wannan zane gado ne, wanzamin gida ya yi masa yana jariri, ba wanda ya isa ya saye shi don sunansa ya zo ɗaya da namu.

Yanzu ku dubi can ƙetaren ruwa, ginin nan mai koriyar ƙubba, bari in matso da kyamara. Four Courts ke nan, kotunansu. A da, a harabarsa ma'ajiyar takardun ƙasa take. Ranar 30 ga Yuni 1922, farkon yaƙin basasarsu, wurin ya fashe ya kama wuta, takardun ɗaruruwan shekaru suka tafi. Ƙidayar jama'a ta 1821, 1831, 1841 da 1851, duk sun ƙone sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na 1861 zuwa 1891 kuma gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin gobarar. Wallahi duk lokacin da na bi ta nan sai na ji wani abu a ƙirjina. Mutanen da yunwa ta cinye, har sunayensu wuta ta bi ta lashe.

Amma in za a faɗi gaskiya, sun yi ƙoƙari da abin da ya rage. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna intanet, ko sisi ba za ka biya ba. Jiya da daddare muka zauna da abokin nawa muna buɗewa. Kana ganin takardar da maigida ya cike da hannunsa, tawada ta yi kauri inda ya danna alƙalami. Akwai gurbin addini, da na ko mutum ya iya karatu da rubutu, da na ko yana jin harshensu na gargajiya. A ta 1911 har an tambayi matan aure 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. Muka ga wata, an rubuta tara, an rubuta biyar. Abokina ya cire tabarau ya daɗe bai ce komai ba, ba ma danginsa ba ce.

Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati sai 1864 ta fara, don haka wanda ya tafi lokacin yunwa sai dai a neme shi a littattafan cocin Katolika, su ma tun 2015 an ɗora hotunansu kyauta. Sai dai in gargaɗe ku, da yawa da Latin aka rubuta, Patrick ya koma Patricius, rubutun limamin kuma sai ka ƙura ido. Kuma in ba ka san ƙauyen ba, ka sha wuya, don ƙasar a yanke take gunduwa-gunduwa sama da 60,000, kowace da sunanta.

Af, kun san Muhammad Ali ma yana da jini a nan? Kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, mutumin Ennis ne, kuma a 2009 Ali ya je garin, suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Obama kuma jininsa a ƙauyen Moneygall yake, ya je a 2011, yanzu har gidan mai da sunansa a bakin babbar hanya. Na tsaya can na sha shayi, Yuro 3 da wani abu, ruwa-ruwa, ko kusa da na mai shayin unguwarmu bai kai ba.

Ni dai ina dawowa gida na kira Baffa ta WhatsApp, na ce ya jero min kakanninmu ina naɗa a waya. Ya kai bakwai bai yi tuntuɓe ba, har da kirarin biyu daga ciki. Ku da kuke waje, musamman masu 'ya'yan da aka haifa a nan, kada ku ce sai kun je hutu. Kuma kada wani shafi ya karɓi kuɗinku kan takardun Ayilan kafin ku duba na kyautan.

Gwaggon abokin nawa ta aiko daga Boston cewa a jikin kabarin kakan kakan nasa an rubuta Wexford, wani yanki a nan Ayilan. Asabar in Allah Ya kai mu za mu hau jirgin ƙasa daga tashar Connolly mu je can, zan ɗauko muku komai. Sai mun haɗu.