Rabon hanya da mahaɗa, daga kwalta zuwa salula: laccar da aka yi wa ɗalibai a Tawa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, mahaɗa. Duk wanda ya taso daga Tawa zai je Yamai ya san Tsarnawa, inda hanyarmu ke faɗawa babbar hanyar Maraɗi da Ƙonni. Masu ilimin hanya sun ƙirga: a mararraba mai hannu huɗu, wuraren da mota za ta iya cin karo da wata 32 ne. A mayar da ita shataletale, sai su koma 8. Dabarar ke nan, a ba kowa layinsa tun bai iso ba. A ja fenti, a gina ɗan tsibirin siminti, mai juyawa dama ya ware da wuri. Ɗan kabu-kabu kam layinsa duk inda tayarsa ta shiga, Allah ya shirya.

To salula fa? Nan ne nake so mu zauna. Iska ma hanya ce, kuma ƙunci gare ta. A tsarin GSM, wato tsohon tsarin kiran salula da ake ce wa 2G, ana yanka ta layi-layi, kowane layi faɗinsa kilohaz 200 (kilohaz ma'aunin faɗin layi ne a iska). Kuma layi ɗayan nan mutum 8 ke rabawa. Takwas fa! Ba tare suke magana ba, bi da bi ne. Kowa a ba shi ɗan ƙyiftawar ido, ya jefa guntun muryarsa, ya kauce. Layin yakan zagayo kansa kusan sau 217 a daƙiƙa guda, shi ya sa kunne ba ya jin giɓin. Kana hira da gyatumarka, ashe da wasu bakwai kuke karɓa-karɓa, ba ka san su ba. Ni wannan abu har yau burge ni yake.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Gadar sama dai, irin ta Mali Bero a Yamai: wani ya bi sama, wani ƙasa, an gama.

Na'am, ƴata?

Tana tambaya me ya sa ran salla kira ba ya shiga, alhali rezo cike. Yauwa. Sandunan nan da kike gani ƙarfin eriya kawai suke nunawa, ba su ce akwai gurbi ba. Guraben eriyar unguwarku ƙidayayyu ne, kowa kuma na kiran gida barka da salla. Ki tura saƙon rubutu, shi ɗan wuri kaɗan yake nema, ko ki dakata sai bayan la'asar.