Shaidar da ake bayarwa da yatsa guda

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau na matasa ne masu neman aiki, da kuma masu ɗaukar ma'aikata a nan Damagaram.

Duk wanda ya taɓa kai yaro wajen wani maigida a kasuwar Dole, ko wajen dukawa don ya koyi aikin fata, ya san tambayar farko da ake yi: wa ya san shi, wa zai tsaya masa? Mai tsayawa kuwa ba ya buɗe baki da garaje, don ya san ranar da yaron ya yi ɓarna, shi za a biyo har ƙofar gida. Mutuncinsa ya jinginar, shi ya sa maganarsa ke da nauyi.

To, yau wannan tambaya ta hau intanet. Shafin LinkedIn, wanda ya fara aiki a 2003, kuma kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala miliyar 26 da ɗoriya, ya zama zauren da ma'aikata da masu neman su ke haɗuwa. A 2012 ne shafin ya ɓullo da shaidar ƙwarewa. Mutum zai jera abin da ya ce ya iya: Excel (manhajar lissafi ta kwamfuta), lissafin kuɗi, kula da mangaza, haɗa wutar hasken rana. Sai waɗanda ya ƙulla zumunci da su a shafin su danna maɓalli, alamar sun yarda ya iya. Lamba na ta hawa a gefen kowace ƙwarewa, har ta kai inda shafin ke rubuta 99 da alamar ƙari. Ɗaliban da ke fitowa daga jami'ar André Salifou, da masu hanƙoron shiga ƙungiyoyin agaji ko matatar mai ta SORAZ, da yawansu sun buɗe shafi, wasu har suna bin abokai a waya suna roƙon a danna musu.

Abin da ya kamata a gane shi ne, dannawar nan ba ta cin mai yin ta komai. Ba a tilasta masa faɗin inda ya ga aikin, ba a neman ya rubuta ko kalma ɗaya, in kuma shaidar ta tashi ƙarya ba wanda zai biyo shi. Shafin ma da kansa yakan tuno wa mutum sunan abokinsa, ya nuna masa maɓallin. Daga nan sai ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ta shigo: ka danna mini biyar, in danna maka biyar. Shi ya sa za ka ga saurayi da shaidu 60 a kan lissafin kuɗi, in ka buɗe jerin sunayen sai ka tarar da ƴan ajinsu, da ɗan kawunsa da ke Yamai, da wani baƙo a ƙasar waje da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai kuma rashin adalci a ciki, wanda ya fi damun mu. Lambar tana auna yawan jama'ar mutum a shafin ne, ba ƙwarewarsa ba. Gwanin da ya shekara 15 yana gyaran famfunan rijiyoyin burtsatse tsakanin Mirya da Magarya yana iya kasancewa ba shi da shaida ko ɗaya, don waɗanda suka san hannunsa manoma ne da masu unguwa, ba masu LinkedIn ba.

Ba wai jerin ƙwarewar ba shi da amfani ba ne. Masu neman ma'aikata suna rubuta sunan ƙwarewa a wurin bincike, shafin ya fito musu da mutane. Wanda bai rubuta kalmar ba, da wuya a gan shi. Amfaninsa ke nan: a gano ka. Ɗauka kuma wani zance ne daban.

Saboda haka, mai ɗaukar ma'aikaci, ka bar lambar, ka buɗe sunayen. Nemi mutum biyu ko uku da tarihin aikinsu ya haɗu da na mai neman, wato ma'aikata ɗaya, shekaru ɗaya, kuma su ma sana'ar suke yi. Shaidar tsohon shugabansa guda ɗaya ta fi ta abokai 50. Leƙa shafinsu ka ga ko shi ma ya danna musu. In haka ne, rage mata daraja. Sannan ka duba ko akwai rubutacciyar shaida, domin shafin yana da wani sashe inda mutum ke zama ya rubuta abin da ya gani da sunansa. Wadda ta ce wane mutumin kirki ne, mai ƙwazo, ba ta gaya maka komai ba. Wadda ta ce ya riƙe mangazar hatsi damina biyu, yana rufe lissafi kowane ƙarshen wata, wannan ana iya bin diddiginta.

Bin diddigin kuwa kira ne na minti goma. Amma kada ka tsaya kan lambar wayar da mai neman aikin ya ba ka, don an sha bayar da lambar aboki a ce ta shugaba ce. Nemo lambar ma'aikatar da kanka. Tambayi wane aiki ya riƙe, daga yaushe zuwa yaushe, kuma in ya dawo gobe za a sake ɗaukarsa? Shirun da ke biyo bayan tambayar ƙarshen nan, a saurare shi da kyau. Sai a gwada amsar da takardar shaidar aiki, wadda dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci idan sun rabu, ɗauke da ranar shiga, ranar fita da muƙaman da ya riƙe. In ranakun sun saɓa da abin da ke shafin, a nemi bayani.

Daga nan sai gwaji, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ya iya Excel, a zaunar da shi gaban kwamfuta, a ba shi lissafin shiga da fitar buhuna mai layi 200, a ɓoye kurakurai uku a ciki: layi da aka maimaita, sifiri da ya yi yawa, da kwanan wata da aka juya. A ba shi minti 45 ya fitar da ragowar kaya. Gwani zai sa kwamfutar ta yi lissafin, ya kuma nuna kurakuran. Wanda aka danna wa kawai za ka ga ya jawo salula yana tarawa layi-layi. Mai haɗa wutar hasken rana, a miƙa masa na'urar awo da batir irin na dalma mai volt 12. Ya kamata ya san cikakke, bayan ya huta, yana nuna kusan volt 12.6, in ya sauko wajen 12 kuwa cajinsa ya yi ƙasa sosai.

Ku kuma matasa, ƙwarewa biyar da za ku iya karewa gaban kowa sun wadatar a saman shafi. Ku rubuta su yadda sanarwar aikin ta rubuta su, da Faransanci, in ƙungiyar ta waje ce ku ƙara da Ingilishi. Shafin ya ba ku damar ɓoye shaidar da ba ta dace ba, ku yi amfani da ita. Ranar da za ku gama aikin koyo a wata ma'aikata, tun kafin ku yi sallama, ku roƙi wanda ya kula da ku ya rubuta muku layi huɗu kan abin da kuka yi da hannunku, ku kuma karɓi takardarku mai hatimi, don bayan shekara ɗaya ta yiwu an canza masa wurin aiki.