Darasi: Yadda ake haɗa littafin da yaro zai tsinci kansa a ciki

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau a kan littafin nan ne da ake bugawa kwafi ɗaya tak, domin yaro ɗaya, da sunansa a ciki, shi ne kuma gwarzon labarin. A Amurka tun shekarun 1970 ake yin irinsa da kwamfuta. Mu nan Kano yanzu ne abin ya yi sauƙi, tunda injin dijital da masu ɗab'i ke kira DI ba sai an yi masa filet, wato farantin ɗab'i, ba, kwafi ɗaya ma yana bugawa.

Me ke jan yara gare shi? Suna. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna jariri ɗan wata huɗu da rabi ya fi kasa kunne ga sunansa a kan wani sunan daban. To ina ga ɗan shekara biyar da ya fara gane haruffa, ya buɗe shafi ya ga nasa sunan? Sai dai suna kaɗai ba ya riƙe yaro. In ka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ka liƙa sunansa yana tsaye a gefe yana kallo, sau ɗaya zai saurara ya ajiye. Dole shi ne zai yi aikin: shi zai gano dabarar Gizo, shi zai nemo ƙaninsa da ya ɓace a cunkoson hawan Daushe, shi zai hau Dutsen Dala ya hango unguwarsu. Wurin ma ya zama wanda ya sani, Kurmi, marinar Ƙofar Mata, gidan zu.

Kafin ka rubuta komai, karɓi bayani daga iyaye: suna, shekaru, sunan ƙani ko yaya guda ɗaya, abincin da ya fi so, da abin da yake tsoro. Kan sunan nan a tsaya sosai. Tambayi wanda ake kiransa da shi a gida, ba na takardar haihuwa ba. Yaron da ya ci sunan kakansa, Abba ake ce masa ko Baffa. Yarinya kuma Ummi ko Hajiya. Ka cika littafi da sunan yanka, alhali uwar da za ta karanta masa da dare ba ta iya faɗin sunan saboda kunyar suruki ko ta ɗan fari, ka ga aiki ya lalace. Sunan yanka ya tsaya a shafin farko kawai, wurin sadaukarwa. Sunan makarantar yaro da adireshin gida kuwa kada su shiga sam, littafi yawo yake yi hannu zuwa hannu.

Yanzu rubutu. Ga inda yawanci ake faɗuwa. Hausa tana bambanta namiji da mace kusan a kowace jimla: ya da ta, ka da ki, masa da mata, ƙarami da ƙarama. Wasu sai su rubuta na namiji, in an zo da mace su umarci kwamfuta ta musanya kowace "ya" da "ta". Ga abin da ke faruwa: "hanya" ta koma "hanta", "yaro" ya zama "taro", Gizo ma an mai da shi mace. Maganinsa, ka rubuta labarin sau biyu tun farko, na maza daban na mata daban, gurbin suna kaɗai za ka bari. Gurbin ma ka gwada shi da gajeren suna irin Ali da dogo irin Abdurrahman, musamman a bango, don dogon suna yakan tsallake layi.

Ga ɗan shekara 3 zuwa 5, kalma 15 zuwa 30 a shafi ta isa, girman rubutu 18 zuwa 20. Ɗan 6 zuwa 8 yana ɗaukar 40 zuwa 60, girman rubutu 14 zuwa 16. Ka kuma tabbata samfurin rubutun da ka zaɓa yana da haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. In babu, ko dai su fito ɗan akwati, ko kwamfuta ta aro su daga wani samfurin su yi bambarakwai a tsakiyar kalma. Mai aiki da manhajar zane ta CorelDraw ya mai da rubutun zane kafin ya fitar da PDF, ta haka ko kwamfutar maɗaba'a ba ta da samfurin, babu abin da zai motsa.

Hoto kuma, a ce wa iyaye su turo shi a WhatsApp a matsayin fayil, domin in aka tura shi yadda aka saba, manhajar matse shi take yi. Hoton da zai cika shafin A5, wato rabin takardar A4, yana bukatar kusan 1750 a 2480 na ɗigon hoto, wato 300 a kowane inci. A ɗauka da hasken rana, a inuwa, fuska na kallon haske. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, shi ya sa fatar yaranmu kan fito da duhu fiye da yadda aka gani, har ido da hanci su ɓace. Mai da launin zuwa CMYK, wato launuka huɗu na ɗab'i, ɗan ƙara wa fuskar haske, ka buga shafi ɗaya na gwaji. Baƙin rubutu ya zama baƙar tawada zalla, K 100. In aka haɗa shi da launi huɗu yakan yi inuwa a gefen haruffa.

Sai lissafin shafuka. Littafin da ake naɗewa a buga masa fil a tsakiya, dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu: 12, 16, 20. Mu ɗauki 16 a girman A5, wato milimita 148 a 210. Shafi na 16 zai zauna da na 1, na 2 da na 15, na 14 da na 3. Kowane biyu ka haɗa su ba ka 17, in ba su ba da 17 ba akwai kuskure. Zanen da ya kai baki a bar shi ya zarce da milimita 3, don in wuƙa ta ɗan kauce kada farin layi ya fito. Da wannan ƙarin, babbar takardar ɗab'i ta SRA3 guda biyu gaba da baya sun ɗauke cikin littafin gaba ɗaya.

Ciki a yi shi da takarda mai sheƙi giram 150 ko 170, giram 80 ta ofis tana nuna zanen baya, ba ta kuma jure hannun yaro. Bango kati giram 300, a sa masa leda. A ja masa layin naɗi da inji kafin a lanƙwasa, in ba haka ba tawada za ta tsage a gadon baya, musamman da hunturu da takarda ke bushewa. Fil biyu sun isa, amma shafa yatsa a tsakiyar littafin ka ji ko bakinsu ya kwanta. Na ɗan ƙasa da shekara 3, a bar fil, a ɗinke shi da zare.

Kafin bugun ƙarshe, tura wa iyaye PDF su karanta da babbar murya, su kuma rubuto maka sunan da hannunsu. Aisha ce ko A'isha, Sadiq ne ko Sadik, yadda malamarsa ke rubuta masa a bangon littafin makaranta shi za ka bi, domin shi idon yaron ya saba gani.